Yadda ake gwajin ƙwayar GBS ga mai juna biyu, tun daga ɗaukar samfur har zuwa ranar naƙuda

Akwai wani irin rashi da kusan kowace unguwa a Gombe ta san shi. Mace ta sauka lafiya da hantsi, jariri ya yi kuka, an yi masa kiran salla a kunne, 'yan barka har sun fara shigowa. Kafin la'asar sai a ga yaro yana nishi, ya saki nono, jikinsa ya yi laƙwas. Kafin gari ya waye ya koma. Sai a ce kwanansa ke nan, kuma haka ne, rai na Allah ne. Amma mu da muke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ɓangaren ƙwayoyin cuta, mun san ɗaya daga cikin sababban da ke kawo irin wannan, mun san ana iya gano shi tun jariri yana ciki, kuma maganinsa penisilin ne, wanda ba baƙo ba ne a kowane asibiti.

Ƙwayar ana ce mata Sitireptokokas rukunin B, a taƙaice GBS. Tana zaune a hanjin mutane da yawa, maza da mata, daga nan takan gangaro zuwa gaban mace. Ba ta sa ƙaiƙayi, ba ta sa wari, ba ta fitar da ruwa. A ƙididdigar duniya, kusan mace 18 cikin 100 masu ciki suna ɗauke da ita ba su sani ba. Haɗarin yana zuwa ne ranar haihuwa, lokacin da faya ta fashe ko jariri ya biyo hanya ya shaƙi ƙwayar. Kusan rabin jariran irin waɗannan mata sukan ɗauka, mafi yawansu ba abin da ke samunsu, amma 1 zuwa 2 cikin 100 na waɗanda suka ɗauka takan shiga jininsu ko huhunsu ko ta zama sanƙarau. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce wannan ƙwaya tana kashe jarirai kusan 100,000 a shekara, tana jawo haihuwar jarirai babu rai aƙalla 46,000, kuma kusan rabin wannan nauyi yana kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara.

Zan bi aikin daki-daki. Wani ɓangaren na mai ciki ne da maigidanta, wani na ungozoma, wani kuma na abokan aikina na lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Ina so kowa ya karanta na ɗan'uwansa, domin ko ɗaya ya kuskure, aikin sauran ya tashi a banza.

Mataki na farko: a nemi gwajin da sunansa

Ranar buɗe katin awo akan duba yawan jini, rukunin jini, jinotayif, cutar ƙanjamau, ciwon hanta da fitsari. GBS ba ya cikin wannan jeri da aka saba. Saboda haka sai an tambaya. Ki ce wa nas ko likitar da ke duba ki: "Ina son a yi mini gwajin GBS idan na kai sati 36, a nan ake yi ko sai an tura ni?" Aikin na buƙatar lab mai shuka ƙwayoyin cuta, wato renon su a faranti har su yaɗu a gane su, irin sashen da ake samu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da wasu lab masu zaman kansu. Duk inda za a je, a fara tambaya ko suna da ruwan renon ƙwayar, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Idan ba su da shi, a nemi wani wurin.

Mata iri biyu ba sa buƙatar gwajin, domin hukuncinsu ya riga ya fita. Wadda ta taɓa haihuwar jaririn da aka tabbatar GBS ya kama shi, da wadda aka ga GBS a fitsarinta a wannan cikin, ko da kaɗan ne. Su kai tsaye za a rubuta musu magani na ranar naƙuda.

Mataki na biyu: lokaci

Ƙwayar nan zuwa take ta tafi. Mace na iya samunta a wata biyar ta rasa ta a wata tara, wata kuma akasin haka. Shi ya sa gwajin farkon ciki ba ya gaya mana komai game da ranar haihuwa. Sakamakon yana da inganci na sati biyar kacal. A da ana ɗauka tsakanin sati 35 zuwa 37, amma tun 2019 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta mayar da shi daga cikar sati 36 zuwa sati 37 da kwana 6, domin sati biyar ɗin su kai har sati 41.

Matanmu wata suke ƙirgawa, ba sati ba, to ga hanya mai sauƙi. Dubi ranar haihuwa da aka rubuta a katinki ko a takardar sikanin. Daga saura kwana 28 zuwa saura kwana 15, nan ne lokacin. Idan an rubuta 30 ga Maris, tsakanin 2 ga Maris da 15 ga Maris ke nan. A tsarin awo takwas da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2016 akwai zuwa na sati 36, sai a haɗa su rana ɗaya a rage kuɗin Keke Napep. Idan sati biyar suka wuce ba a haihu ba, a sake.

Mataki na uku: ɗaukar samfur

A nan aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe.

Abin da kowa ya saba da shi shi ne gwajin sanyi, wanda ake sa ƙarfen buɗa gaba a ɗauko daga can ciki kusa da bakin mahaifa. Wannan ba shi ba ne. GBS ta fi zama a ƙasa, a bakin gaba da dubura. Wanda ya ɗauko daga can sama zai iya rubuta "ba a gani ba" alhali tana nan. Ba a sa ƙarfe, ba a sa man shafawa, ba a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyi.

Ranar gwajin a yi tsarki da ruwa zalla. Kada a sa Dettol, kada a zauna cikin ruwan bagaruwa ko na gishiri, kada a yi matsi. Idan kina shan wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da kafso ne da aka sayo a kemis, ki faɗa, domin yana iya danne ƙwayar na 'yan kwanaki ta ɓuya.

Ga yadda ake yi. A wanke hannu. A zare tsinken auduga daga ledarsa ba tare da an taɓa kan audugar ba. A shigar da shi cikin gaba kamar santimita 2, kwatankwacin gaɓar yatsa ɗaya, a juya shi a hankali ya shafi gefe da gefe. A fito da shi, sannan wannan tsinken dai a shigar da shi cikin dubura kamar santimita 1, ya wuce ƙofar ya shiga, ba shafa fatar waje kawai ba. Gaba ake farawa sannan baya, ba a taɓa juya wannan jeri. Daga nan a zura shi cikin kwalbarsa a rufe. Ba ya kai minti ɗaya, ba zafi, ba ya taɓa jariri.

Na san maganar dubura ce ke korar mata da yawa, kuma na san wasu ungozomomi sukan tsallake ta don kada su takura wa mai ciki. Kada a tsallake. Hanji ne gidan ƙwayar, gaba masauki ne kawai. Maganin kunyar kuwa yana nan: mace tana iya ɗaukar samfurin da kanta a bayan labule, kuma sakamakon yana da kyau kamar wanda ma'aikaci ya ɗauka, muddin an yi mata bayani sosai. Na ga wata ungozoma, dattijuwa, tana yi wa wata yarinya mai cikin fari wannan bayani. Yarinyar ta sunkuyar da kai cikin hijabi ta ce, "Inna, wallahi ba zan iya a taɓa ni a can ba." Dattijuwar ta dunƙule hannunta na hagu, ta nuna mata da tsinke a tsakanin yatsu iya inda zai tsaya, ta ce, "'Yata, ba wanda zai taɓa ki. Ke za ki shiga ki yi, ni ina nan bakin ƙofa." Cikin minti biyu ta fito da kwalbar a rufe. Tun daga ranar haka nake roƙon a yi wa duk mai jin nauyi.

A jikin kwalbar da takardar a rubuta suna, lambar kati, rana da lokaci, satin ciki, da kalmomin nan ƙarara: gwajin GBS, gaba da dubura. Idan penisilin ya taɓa yi wa mace illa, a rubuta shi ma, domin shi zai sa lab ya ƙara wani aiki.

Mataki na huɗu: tafiya zuwa lab

Tsinken ya kasance mai ruwan ajiya a gindin kwalbarsa, irin Amies ko Stuart. Busasshen tsinke a busasshiyar kwalba ba ya jure tafiya. An taɓa kawo mini wani daga wani ƙaramin asibiti a wajen gari, cikin watan Afrilu, a aljihun ɗan acaɓa, ba ruwan ajiya, audugar ta bushe ƙayau har ta yi tauri. Na ƙi shuka shi. Mijin ya ji haushi, kuma ina da tabbacin kuɗin mota ya dame shi, amma da na karɓa da takardar ƙarya zan ba shi, mai cewa matarsa ba ta da komai.

A cikin ruwan ajiya ƙwayar na iya rayuwa har kwana huɗu, sai dai tana raguwa kullum, kuma zafi yana gaggauta mutuwarta. Mafi kyau ta isa lab cikin awa 24. Idan za a jinkirta, a sa a firiji mai sanyin digiri 4, ba a wurin ƙanƙara ba. Wanda zai taho da shi daga Dukku ko Nafaɗa ko Kaltungo ya sa a kular rigakafi da ƙanƙara a gefe.

Mataki na biyar: aikin lab

Wannan na abokan aikina ne, amma mai ciki ma ta karanta don ta san abin da kuɗinta ke saye.

Kada a shafa tsinken kai tsaye a faranti. Samfurin da ya fito daga dubura cike yake da ƙwayoyin hanji, su ne za su mamaye farantin su rufe GBS. Shuka kai tsaye na iya rasa har rabin matan da ke ɗauke da ita. Ni ma a farkon aikina haka nake yi, ina rubuta "ƙwayoyin da aka saba gani", kuma har yau ina tunanin matan da na sallama da wannan takarda. A fara tsoma tsinken a ruwan reno na musamman: Todd-Hewitt da aka sa wa kolistin maikirogiram 10 da nalidisik maikirogiram 15 a kowace mililita, wanda ake kira LIM, ko kuma mai jentamisin maikirogiram 8 da nalidisik 15. Magungunan suna danne 'yan hanji su bar GBS ta yaɗu. A ajiye a inkubeta mai zafin digiri 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24. Idan wuta ta ɗauke da dare inkubeta ta huce, a ƙara lokaci, kada a yi kamar ba abin da ya faru.

Washegari a ɗebi ɗigo a shimfiɗa a farantin agar, wato daskararren abincin da ƙwayoyi ke girma a kai, mai jinin tunkiya kashi 5 cikin 100. Ina jaddada tunkiya. Lab da yawa suna amfani da jinin mutum da ya kwana a bankin jini saboda shi ne a kusa, alhali yana iya ɗauke da ragowar magani, kuma gwajin CAMP, wanda zan yi bayaninsa a gaba, ba ya fita da shi. A garin da ko wane lungu akwai tumaki, lab da ya ajiye lafiyayyar tunkiya biyu bai yi asara ba. A sa farantin a inkubeta, in da hali cikin gwangwanin kyandir, awa 18 zuwa 24. In ba a ga komai ba a mayar har awa 48 kafin a ce babu.

GBS takan fito fari-fari mai ruwan toka, da ɗan siririn zobe mai haske a kewaye inda ta narkar da jini. Zoben ƙarami ne, wani lokaci sai an ɗaga ƙwayar da siririyar wayar ƙarfe ake ganinsa a ƙarƙashi, kuma kusan 5 cikin 100 ba sa yin zoben sam. Saboda haka duk wadda ta yi kama, a bi ta. A rinin Gram za a ga ƙwallaye masu ruwan shuni a jere kamar carbi. A ɗiga mata haidurojin feroksaid, ba za ta yi kumfa ba, amma a kula kada a kankaro jinin farantin, shi yana kumfa. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce Enterokokas, 'yar hanji ce ita ma, sai dai tana baƙanta agar ɗin bayil eskulin, GBS kuwa ba ta yi.

Tabbatarwa mafi araha ita ce CAMP, gwajin da wasu masana uku, Christie da Atkins da Munch-Petersen, suka bayyana a Ostireliya a 1944, daga sunayensu aka samo sunan. A ja layin wata ƙwaya daban, Sitafilokokas oriyos mai beta-laisin, a tsakiyar farantin jinin tunkiya, a ja layin ƙwayar da ake zargi ta nufo shi a gicciye, a tsaya saura kamar milimita 2, kada su haɗu. Bayan kwana ɗaya, idan GBS ce, za a ga wuri ya washe a mahaɗar da siffar kan kibiya. Duk wanda ya ga wannan kibiya sau ɗaya ba ya mantawa. A riƙa sa sananniyar GBS a gefe a matsayin ma'auni. Inda ake da kayan gwajin latex na tantance rukunin ƙwayar, shi ya fi sauri. Akwai kuma agar masu launi, irin Granada, da GBS ke fitowa ruwan lemo a kansu.

Ga wadda penisilin ke yi wa mummunar illa, a gwada kilindamisin, kuma a yi gwajin D: faifan eritiromisin mai maikirogiram 15 da na kilindamisin mai 2, tazarar milimita 12, a kan Mueller-Hinton mai jinin tunkiya. Idan zoben da ke kewaye da faifan kilindamisin, inda ƙwayar ta kasa tsirowa, ya baje ta gefen da ke kallon eritiromisin ya zama kamar harafin D, maganin ba zai yi aiki a jiki ba ko da ya yi kamar yana yi a faranti.

Gaba ɗaya aikin kwana uku ne zuwa huɗu. Na'urar GeneXpert da muka sani a gwajin tarin fuka tana da nata kwanson na GBS mai ba da amsa a rana ɗaya, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai.

Mataki na shida: karanta sakamako, da abin da ba za a yi ba

Idan aka ce akwai, ba ciwon sanyi ba ne, ba cutar da ake ɗauka wajen kwanciya ake lissafa ta ba, ba daga ban-ɗaki aka kwaso ba, ba kuma ƙazanta ba ce. Maigida, ba a buƙatar a yi maka magani, kuma babu dalilin zargin kowa a gida, ko uwargida ko amarya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a karɓi takarda a wuce kemis. Wata baiwar Allah ta dawo mana bayan kwana goma tana murna, ta ce surukarta ta sayo mata kafso ta shanye, yanzu ta warke, za ta haihu a gida. Na ce mata, "Malama, kafson nan ya rage ta ne na ɗan lokaci, tana nan a hanji, kafin ranar haihuwa ta dawo." Maganin baki a lokacin ciki ba ya kare jariri. Abin da ke kare shi shi ne maganin da aka sa a jijiyar uwa tana cikin naƙuda, ya ratsa ta mabiyiya ya shiga jinin jariri da ruwan da yake ciki, daidai lokacin da zai biyo hanya. Inda ake ba da magani tun da ciki shi ne idan ƙwayar ta yi yawa a fitsari, ta kai 100,000 a mililita, ko tana sa zafin fitsari. Wannan ciwon mafitsara ake warkarwa, kuma duk da haka sai an sake ba da na naƙuda.

Abokan aikina, kada mu rubuta sunan ƙwaya kawai da jerin magunguna a ƙasa, shi ke tura mutane kemis. Mu rubuta: an ga GBS, a ba da magani ta jijiya lokacin naƙuda. Ungozoma ta kwafe shi da jan biro a fuskar katin awo. Ke kuma ki ɗauki hoton takardar a waya. Idan za ki tafi goyon ciki gidan iyaye, Kumo ne ko Bajoga ko Ɓilliri, ki tafi da katin, kuma tun kafin ranar a je asibitin da ke can a tambaya ko suna da ampisilin ko penisilin na allura da mai sa shi da dare. In babu tabbas, maigida ya sayo da takardar likita a ajiye cikin kayan haihuwa.

Idan aka ce babu, alhamdu lillahi, ba a buƙatar maganin GBS, sai dai idan zazzaɓi ya taso a naƙuda, wannan likita zai duba shi da kansa.

Mataki na bakwai: ranar naƙuda

Duk wahalar da aka sha domin wannan rana ce. Maganin yana son aƙalla awa huɗu a jiki kafin jariri ya fito. Al'adarmu kuwa ita ce a daure, a yi shiru, musamman a haihuwar fari, kada a ce yarinya ba ta da kunya, sai kai ya kusa fitowa a nemi mota. Ga mai GBS wannan dauriya tana cinye awa huɗun nan. Da naƙuda ta fara, ko faya ta fashe ko da babu ciwo, a kama hanya. Da shigarki, kafin a tambaye ki, ki miƙa kati ki ce, "Sista, ina da GBS."

Abin da likita ko ungozoma za su bayar: penisilin G yunit miliyan 5 ta jijiya a farko, sannan miliyan 2.5 zuwa 3 duk awa huɗu har a haihu. Ko ampisilin giram 2, sannan giram 1 duk awa huɗu. Wadda penisilin ke sa wa ɗan ƙurji mara tsanani ana ba ta sefazolin giram 2, sannan giram 1 duk awa takwas. Wadda ya taɓa kumbura wa fuska ko ya toshe mata numfashi, kilindamisin miligiram 900 duk awa takwas idan lab ya ce yana aiki, in ba haka ba bankomisin. Eritiromisin an daina dogara da shi. Idan haihuwa ta zo da sauri, a ba da abin da ya samu, ko awa biyu yana rage ƙwayar, kuma ba a jinkirta haihuwar da ta zama dole don jiran cikar awa huɗu. Wadda aka shirya wa tiyata kafin naƙuda, faya ba ta fashe ba, ba ta buƙatar wannan magani na GBS, amma a yi mata gwajin duk da haka, domin naƙuda na iya riga ranar tiyata.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta kwatanta bambancin da lissafi mai sauƙi: mai GBS da ba ta samu maganin ba, jariri 1 cikin 200 zai kamu, wadda ta samu kuwa 1 cikin 4,000. A can sun fara wannan tsari a 1996, suka mayar da gwajin na kowace mai ciki a 2002, kuma cutar ta makon farko ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

To wadda ba a yi wa gwajin ba fa? Su ne mafi yawa a wurinmu, kuma ba a bar su haka ba. Ingila ma ba kowace mai ciki take yi wa gwajin ba, alamomin haɗari take bi. Idan ba a san matsayin mace ba, ana ba ta maganin idan ɗaya daga cikin ukun nan ya faru: naƙuda ta zo kafin sati 37, ko faya ta fashe awa 18 ba a haihu ba, ko zafin jikinta ya kai digiri 38. Wannan ba ya buƙatar lab, agogo da ma'aunin zafi kawai yake so. Shi ya sa nake roƙon mata da masu raka su: ku duba lokacin da ruwa ya zubo ku riƙe shi. "Tun jiya" ba amsa ba ce. "Bayan sallar isha'i" amsa ce, ungozoma za ta iya ƙirgawa daga nan.

Mataki na takwas: idon da za a sa wa jariri

Yawancin jariran da cutar ke kamawa a makon farko suna nuna alama cikin awa 24 na farko. Saboda haka kada a matsa a sallame ku awa biyu bayan haihuwa don 'yan barka suna jira. Idan uwa na da GBS, musamman in maganin bai samu awa huɗu ba ko jaririn bakwaini ne, a bari ma'aikata su sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu.

A gida, mai jego da kakar yaro su san waɗannan. Nishi a kowane numfashi. Numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, a ɗaga riga a ƙirga da agogon waya, minti cikakke, yana kwance shiru. Ƙasan haƙarƙari yana lotsawa sosai. Ƙin kama nono bayan da yana kamawa. Jiki ya yi zafi, digiri 37.5 ko fiye, ko ya yi sanyi ƙasa da 35.5, kuma sanyin nan ya fi yaudarar mutane domin ana jiran zazzaɓi ne. Yaro ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi. Taune-taune ko sandarewa. Ko ɗaya aka gani, ba a jira gari ya waye, ba a fara da jiƙo ko hayaƙi. A yi addu'a a hanya. A asibiti allurar ampisilin ko penisilin da jentamisin ake fara masa, kuma a wannan ciwo awa ɗaya tana da daraja.

Maganin naƙuda yana kare makon farko ne kaɗai. Akwai nau'in da ke zuwa daga kwana 7 har zuwa kwana 89, wato daga ranar suna zuwa wata uku, kuma shi ya fi zuwa da sanƙarau: zazzaɓi, kuka mai ƙara da ba ya rarrasuwa, maɗiga ta kumbura, yawan barci. Har yanzu babu allurar rigakafin GBS da aka amince da ita, ana kan gwaji. Abin da ke hannunmu shi ne masu ɗaukar jariri su wanke hannu da sabulu, har da ranar suna da yake yawo hannu-hannu, a ci gaba da nono zalla, a shafa wa cibiya kulohesidin kamar yadda aka nuna a asibiti. Duk jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi, asibiti za a kai shi a ranar, a tafi da katin awon uwarsa, a nuna wa likita jan rubutun nan tun kafin ya fara duba yaron.